Wadda ta fara dariya an cinye ta

Hadiza: To jama'a, bidiyon nan na masu waƙa da maƙogwaro da ya cika mana guruf, yau sai mun yi maganarsa. Bashir ya ce wai aljanu ne suka tashi.

Bashir: Har yanzu ban janye ba.

Hadiza: Katajjaq ake ce wa salon waƙar, na mutanen Inuit ne a ƙuryar arewacin Kanada. Asalinsa wasan mata ne. Su biyu za su tsaya gaba da gaba, su riƙe damtsen juna, wannan ta jefa sauti, waccan ta cike gurbin. Ko za a ja numfashi ko za a sake shi, sautin ba ya yankewa. Suna kwaikwayon kukan dinya, iska, ruwan kogi, har da zarto.

Sadiya: Kamar lugude ke nan, wata ta ɗaga taɓarya wata ta sauke.

Hadiza: Yauwa! Wadda ta fara dariya ko numfashinta ya ƙare, an cinye ta.

Bashir: Ai Sadiya ba za ta kai daƙiƙa uku ba.

Sadiya: Ji mai magana! Kai da hawa bene ma sai ka yi haki? Matso mu gwada.

Bashir: Hamm... hamma... (tari)

Sadiya: Injin markaɗe ya shaƙe! A miƙo masa ruwa.

Bashir: Ƙosan ɗazu ne.

Sadiya: Kullum ƙosai ne mai laifi.

Hadiza: Ku bar ni in ƙarasa mana. Limaman mishan sun hana abin nan shekara da shekaru, tsofaffin mata ne suka riƙe shi, irin na garin Puvirnituq a arewacin lardin Quebec. A 2014 gwamnatin Quebec ta sa shi cikin al'adun gado. A shekarar kuma mawaƙiya Tanya Tagaq, 'yar garin Cambridge Bay a yankin Nunavut na arewacin Kanada, ta ci kyautar waƙa ta Kanada mai suna Polaris. Ita kaɗai take yi, babu abokiya, ga goge ga ganguna ga na'ura, tana gurnani tana ihu, yawanci a nan take take ƙirƙira. Ta yi aiki da Björk, mawaƙiyar ƙasar Iceland, a 2004.

Bashir: To in babu abokiya, wa zai yi dariya? Ina wasan?

Hadiza: Ai ita ma ba ta ce na gargajiya take yi ba. Ni dai nata ya fi ratsa ni. Akwai kuma Piqsiq, ya da ƙanwa, suna naɗar muryarsu a na'ura su yi ta jibga wata kan wata.

Sadiya: Anti Hadiza, batir ya kusa mutuwa.

Hadiza: Kash, ga saƙonnin masu sauraro ko ɗaya ba mu taɓa ba. Sai mako mai zuwa. Bashir, shanye ruwanka.