Idan 'yan sanda suka ragargaza maka gida, wa zai biya?

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau kan inshorar gida ne, musamman wani ɗan layi da ke maƙale can cikin takardar, wanda ba kowa ke karantawa ba sai ranar da ta ɓaci.

A watan Yunin 2015, a garin Greenwood Village na jihar Colorado a Amurka, wani da ake nema kan satar kaya a kanti ya tsere da bindiga ya faɗa gidan wasu bayin Allah da ko saninsu bai yi ba, ya maƙale a ciki. Awa 19 'yan sanda suna fama da shi, ga motar sulke ga nakiya, a ƙarshe dai an kama shi amma gidan kam ya tashi daga aiki, sai rushe shi aka yi. Hukumar garin ta ce ga dala 5,000. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce babu batun diyya, wai aikin tsaro aka yi, ba karɓar dukiya don amfanin jama'a ba. Shi ma fa maigidan ya ci sa'a ne, don kamfanin inshorarsa ya biya.

Wata mata a McKinney ta jihar Texas, a 2020, ba ta samu wannan sa'ar ba. Ɓarnar da 'yan sanda suka yi wa gidanta ta haura dala 50,000, kamfani ya ce shi ba ruwansa, ya nuna mata layin nan da ke cewa duk abin da hukuma ta lalata ko ta ƙwace bisa umarni baya cikin yarjejeniya, sai fa idan an rusa ne don hana gobara yaɗuwa.

To jama'a ku duba min wannan lamari, ɓarawo ya fasa maka ƙofa a biya ka, amma wanda ya zo kama ɓarawon ya fasa ƙofar nan dai a ce ka rungumi ƙaddara. Ni ban ga laifin ɗan sandan da ya ceci rai ba wallahi, amma tunda duk gari ne ya amfana, don me asarar za ta faɗa kan mutum ɗaya? Kotun ƙolin jihar Minnesota tun 1991 ta yanke cewa hukumar birni ce za ta biya irin wannan ɓarna, ta Amurka baki ɗaya kuwa an kai mata ƙarar Colorado a 2020 da ta Texas a 2024, duka ta ƙi saurara.