Lacca: Sana'ar marubucin labarin ban tsoro mai cin gashin kansa

Assalamu alaikum malamai, iyayenmu mata, da ƴan'uwa ɗalibai na nan Damagaram. Marubuci mai cin gashin kansa shi ne wanda ba kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Shi ke rubutu, shi ke gyara, shi ke biyan ɗab'i, shi ke talla. Abin ba sabo ba ne. A 1827 Edgar Allan Poe na Amurka, wanda ya yi suna daga baya da labaran ban tsoro, ya biya aka buga masa littafinsa na farko a Boston, kwafi kusan 50, ko sunansa bai sa ba.

Mu fara da tsoron kansa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya fito da dodo tun shafin farko, da jini faca-faca. Mai karatu in ya ga abu ya gama jin tsoronsa. Ka kai shi wurin da ya sani: lungun Birni bayan magariba, an ɗauke wuta, mace tana ɗiban ruwa a randa, sai ta ji an kira sunanta da muryar uwarta, alhali uwar ta yi shekara a ƙasa. Tsaya nan, ka rufe babi. Muna da fatalwa, da Doguwa, da aljanin gindin tsamiya, ba mu bukatar aro. Amma ina roƙonku, kada ku jingina maita ga wani gida ko zuri'a da aka sani. Wannan kalma tana raba aure, tana hana yarinya miji.

Sai lissafin takarda, inda jari ya fi nutsewa. Takardar A4 in an naɗe ta biyu tana ba da shafi 4, don haka dole adadin shafukanka ya rabu gida 4 daidai. Littafi mai shafi 64 yana cin takarda 16. Kwafi 100 takarda 1,600 ke nan, rim, wato ƙunshi ɗaya, kuma takarda 500 ne, sai ka sayi rim 4 saboda wadda inji zai lalata. In ya wuce shafi 64 sosai, ɗinkin waya a tsakiya ba ya riƙewa, littafin sai ya riƙa buɗe baki. Bango kuwa, kowa baƙi yake so. Baƙin tawada yana bin gumin hannu a zafinmu, sai an lulluɓe shi da leda. Kuma kada ka kai aikinka maɗaba'a sai a PDF, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su zama akwatuna a kwamfutar da ba ta da irin haruffanka. A buga maka kwafi ɗaya tak, ka karanta shi da biro a hannu kafin a saki inji.

A WhatsApp, duk wanda ya tura littafinsa dunƙule ya yi kyauta da shi, don kafin asuba ya zaga Kano da Maraɗi. Saki babi 3 kyauta, ka yanke a inda numfashi ya tsaya, sauran a rukunin waɗanda suka biya ta Nita ko Airtel Money, babi-babi, a ranakun da ka yi alkawari. In ka saɓa rana sau biyu, masu biya za su fara zamewa. Tun kafin babi na farko ya fita, ka yi rajistar aikinka a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa, domin masu karanta littattafan mutane a YouTube ba duka ke neman izini ba.