Iskar Babbar Taya: Lacca ga Direbobin Sahara

Jama'a, assalamu alaikum. Zan fara da tambayar da na sha yi wa direbobi a bakin tasha: kai da ka cire tayar kamfani ka ɗaura mai inci 33 ko 35 a Hilux ɗinka, iska nawa kake ba ta? Yawancinsu sai su durƙusa su nuna mini lambar da ke jikin tayar. To, wannan lamba iyaka ce. Ita ce mafi yawan iskar da tayar za ta riƙe in an ɗora mata cikakken lodinta, ba wadda za ka yi ta yawo da ita kullum ba. Lambar da ke manne a bakin ƙofar direba kuma ta tayar da motar ta zo da ita ce. Babbar taya cikinta ya fi faɗi, saboda haka nauyin nan ɗaya tana iya ɗaukarsa da iskar da ba ta kai ta ƙarama ba.

Yaya za ka gane taka? Da alli, allin makaranta. Ka yi wa motar lodin da ka saba, ka ja layi mai kauri a kan haƙoran tayar daga wannan gefe zuwa wancan, ka tuƙa miƙe a kan kwalta kamar mita 50, ka sauko ka duba. In tsakiya ce ta goge, gefe na nan da farinsa, iska ta yi yawa. In gefe ne ya goge, ta yi kaɗan. Ka riƙa ragewa ko ƙarawa da psi 2, wato ma'aunin iskar taya da geji ke nunawa, har layin ya goge gaba ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar da kilo suke lissafi, wato bar, kuma bar 1 kusan psi 14.5 ne.

Da sassafe ake wannan aiki, taya na sanyi. Duk digiri 10 da zafi ya ƙaru, geji yakan tashi da psi 1 zuwa 2. Wanda ya auna da azahar bayan doguwar tafiya, ya ga ta hau ya sace, da asuba zai tarar da ita a kwance.

Yanzu mu bar kwalta. Wanda ya taɓa bin Tenere daga Agadas zuwa Dirku ko Bilma ya san rairayi ba ya son taya mai tauri, nutsewa take kamar tabarya a turmi. In ka sauke iskarta zuwa psi 15 ko 18, sawunta yakan ƙara tsawo a ƙasa, motar ta hau bisa yashin maimakon ta tona shi. Raƙumi ma da faffaɗar ƙafa Allah ya yi shi. Amma mai lodin duro-duro na mai da ruwa kada ya sauka kamar mai mota wayam, kuma tayoyin baya su fi na gaba iska. A duwatsun Azbin ni ba na sauka sosai, don gefen taya in ya kumburo, dutse mai kaifi nan yake yanka, kuma yankan gefe ba ya faci.

Na taɓa yin ganganci na kai 10, na karya kwana da gudu, tayar ta zame daga rim, iska ta fice fuuu a lokaci guda. Awa biyu muka yi ni da yaron mota muna kakkaɓe yashi daga bakin rim, jak kuma yana ta nutsewa sai da muka sa masa katako.

Wani daga baya yana tambaya ko zai iya lallaɓawa da 18 ɗin har gari. Malam, kada ka fara. Taya mai ƙarancin iska in ta hau kwalta da gudu, gefenta lanƙwasa yake yana ɗaukar zafi har ta fashe. Ka tsaya a bakin kwaltar ka hura, ko da famfon ƙafa ne. Kuma ka sayi gejinka na kanka, don na masu faci sau da yawa ba sa faɗin abu ɗaya.