"Ko da yake" da "amma": lacca kan fassarar Sinanci zuwa Turanci

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku na zo da su yau.

Na farko, kalmomin da ke tafiya biyu-biyu. Basine idan ya buɗe zance da suiran, to ka saurari danshi, tana nan tafe. Suiran ta hen lei, danshi ta hai zai gongzuo. Wato ko da yake ya gaji, amma yana nan yana aiki. Kun ji yadda ta zauna daram a bakinmu? Mu ma haka muke magana! Ranar da na fara lura da wannan, wallahi daɗi ya kama ni. To amma Turanci ba ya ɗaukar biyun tare. Ko ka ce "although he is tired, he is still working", ko ka ce "he is tired, but he is still working". Ɗaya za ka zaɓa. Ɗaya tak. Kuma a nan Bahaushe ya fi kowa shiga hatsari, domin Sinancin ya ce masa biyu, Hausarsa ta ce biyu, kunnensa bai ji wani aibu ba. Sau nawa ina jan biro a kan "although" da "but" a layi guda? Haka yinwei da suoyi, saboda kaza shi ya sa kaza: "because" ta shigo, "so" ta fita. Ku rubuta, ina jira. Ƙanena na gefen taga, kai ma rubuta.

Na uku... a'a, na biyu ke nan. Aikatau na Sinanci ba ya sauya siffa don jiya ko gobe. Ka nemi zuotian (jiya) ko mingtian (gobe) a jimlar, su za su nuna maka lokacin. Mu wuce.

Sai chengyu, karin maganarsu mai harafi huɗu. Hua she tian zu: zana maciji, ƙara masa ƙafa, wato ɓata abu da ƙarin da ba ya buƙata. A ƙasar Chu aka yi gasar zana maciji a kan tulun giya. Wanda ya riga gamawa ya tsaya yi wa nasa ƙafafu, sai wani ya ɗauke tulun, ya ce maciji ba shi da ƙafa.

(Wata ɗaliba: Malam, a bar macijin ne, ko a sa karin maganar Turawa mai irin wannan ma'ana, "gild the lily"?)

Yauwa, 'yata, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Tun 1898 mai fassara Basine, Yan Fu, ya ce wahalar fassara uku ce: riƙon amana, isar da saƙo, da kyan lafazi. A ɗakin jarrabawa sa na Turawan, mai makin zai gane nan take. Amma in labari kike fassarawa, ni dai ina roƙon ki bar macijin da ƙafafunsa, mai karatu ya gan shi. Kawo jimlar taki allo, mu gwada duka biyun kafin a kira salla.