Laftof a tsakiyar 'yan busa: wa ke bin wa?

Kun ga laftof ɗin can a gefen dandamali? Ita ce ta jawo duk musun. Da mutane sun hango ta kusa da 'yan busa sai ka ji an ce ai mamin suke yi, kiɗan daga na'ura yake fitowa. To ku dubi jijiyar wuyan mai tirombon ɗin nan, wato ƙahon ƙarfen da ake ja ana turawa. Wa ke mamin da irin wannan gumi?

Tarihi a gurguje. Asalin wannan salon busa birnin New Orleans ne, a Amurka. A 1817 hukumar birnin ta taƙaita taron kiɗa da rawa na bayi a fili guda, ranar Lahadi, wurin da ake kira Congo Square. Daga baya jikokinsu suka ɗauki kayan badujalar soja suka busa musu salon gida: kira da amshi, da bugun nan na uku, uku, biyu. Ku saurara. Kun ji shi? Madalla, mu wuce.

Abin da kwamfuta ke fitarwa ƙari ne a kan busar: gurnani mai kauri da ke girgiza kujera, muryar da aka naɗa tun a baya, amon da babu bakin da zai iya hurawa. Rikicin yana wajen riƙon lokaci.

Ku matso da kyamara kunnen jagoran. Kun ga ɗan abin da ke maƙale? A ciki kwamfuta ke buga masa ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ƙari ba ragi. Mu ba ma ji. Shi yana bin ƙwas, mabusa suna bin sandarsa. Wani zai ce, to me ya sa kowa ba zai saurari lasifika kawai ba? Saboda sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda. Wanda ke nesa da mita 34 sai bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zai ji, kuma a kiɗa wannan makara ce babba. Gara a bi da ido.

Amma fa makaɗin New Orleans ba ya yanka lokaci daidai wa daida. Yakan ɗan ja ƙafa da gangan, ya jingina a bayan bugu, can kuma ya ɗan yi gaba. Daɗin kiɗan ke nan. Kuma idan taro ya ɗau zafi, mai kira yana so ya maimaita amshi sau biyu ko uku, ƙwas ba ta san wannan ba, ta riga ta yi gaba abinta. Kamar a ce mai kalangu ya bi agogon bango ne. Ni dai idan aka cika matsa wa mabusa da ita, sai in ji kiɗan ya sandare.

Shi ya sa wasu ke juya lamarin. Ku kalli matar nan da ke zaune gaban laftof, takardar kiɗa a buɗe, ido a kan sandar jagora. An yayyanka sautin guntu-guntu a manhaja irin Ableton Live, wadda ta fito daga Berlin a 2001, sai jagora ya sauke hannu ta danna. Makaɗiya ce ita ma. Ta makara, kowa zai ji.

Akwai wanda ya wuce nan ma. George Lewis, mai busa tirombon, haifaffen Chicago a 1952, ya ƙera manhajar Voyager a ƙarshen shekarun 1980. Tana sauraron abin da ka busa nan take ta mayar maka da nata. Ba ta jiran umarni kuma: ko ka ajiye tirombon ka je shan ruwa, za ta ci gaba da kiɗanta.