Kafin a ce aljani ne, a tambayi barcinsa

Assalamu alaikum, masu sauraro.

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a wayoyin Hausawan Jidda da Makka, inda mai maganar yake rantsuwa cewa duk matashin da barci ya ƙaurace wa, ya fara jin muryoyi, to aljani ne ya shige shi, kai shi asibiti zubar da riyal ne kawai. Ana ta turawa, ana sa masa albarka. Abin da ya tunzura ni shi ne, tun daga farkon saƙon har ƙarshensa babu inda aka tambayi awa nawa yaron yake barci, kuma tun yaushe.

Wannan tambaya kuwa akwai waɗanda suka ƙarar da shekaru a kanta. Dakta Sarah Reeve, ƙwararriya kan halayyar ɗan Adam mai duba marasa lafiya a Ingila, ta yi bincikenta a Jami'ar Oxford tare da Farfesa Daniel Freeman. A wani aiki da suka wallafa a 2018, sun ɗauki mutum 68 masu cikakken hankali, aka taƙaita musu barci zuwa awa huɗu a dare, har dare uku a jere. Dare uku kacal! Tsarguwa ta ƙaru, wato jin cewa mutane na nufin ka da sharri, gane-gane da jiye-jiye suka ƙaru, tunani ya rikice. Hanyar da abin yake bi ma sun gano ta: rashin barci yana hura damuwa da fargaba, su kuma su buɗe wa zargi ƙofa.

A 2019 ta koma kan marasa lafiyar kansu, matasa 60 da taɓin hankali bai daɗe da kama su ba. Mutum 48 daga cikinsu suna da wata cutar barci. Rabin matasan 60 barcin ne ba ya zuwa, kusan rabi kuma mugayen mafarkai ne suka addabe su, amma mafi yawa ba a yi musu maganin wannan ɓangaren ba. A Ingila ke nan fa, inda likita ba ya tsada. Ina ga namu?

To yanzu ku dubi yadda muke rayuwa a nan Saudiyya. Direban gida ya kai uwar gida kasuwa sai ƙarfe biyun dare su dawo, da asuba kuma shi ne zai kai yara makaranta. Mai tura keken alhazai a Harami, in kakar Umara ta kankama, ya kwana yana safa da marwa da ƙafarsa. Samari shida a ɗaki guda, wannan na shigowa wancan na fita, fitila ba ta mutuwa. Ga gahawa da shayi har tsakar dare, ga waya a hannu, ga wanda tunanin iƙama, wato takardar izinin zama, ya hana shi runtsawa. In azumi ya zo gari ya juye gaba ɗaya, dare ya koma rana. Yaro ya yi wata da watanni a haka, ranar da ya ce ana magana a kunnensa sai mu ce sammu ne daga gida. Haba jama'a! A tambayi barcinsa mana.

Na san za a ce ai ciwon ne yake hana barcin. Tsohon zance ne, likitoci ma sun daɗe a kansa. A 2017 Freeman da abokan aikinsa suka gwada shi a kan ɗalibai 3,755 daga jami'o'i 26 na Birtaniya. Aka raba su biyu, kashi ɗaya aka koya musu gyaran barci ta intanet. Barcinsu ya gyaru, tsarguwa da gane-gane kuma suka ragu. Raguwar ba mai yawa ba ce, kuma ɗalibai ne, ba majinyata a gadon asibiti ba, wannan na yarda. Amma barci kaɗai aka taɓa, sauran suka motsa.

Gyaran kuma ba ƙwayar barci ba ce. Lokacin tashi guda kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Hasken safe ya taɓa ido. Shimfiɗa ta zama ta barci kaɗai. In ya ƙi zuwa a tashi a zauna, sai an ji gyangyaɗi a koma. A rage dogon barcin rana, a bar gahawa tun da yamma. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shan abinsa.

Masu cewa ana raina ruƙiya, babu wanda ya hana ku addu'a. Allah da kansa ya ce a Suratun Naba'i ya sanya barcinmu hutu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya ji Abdullahi ɗan Amr yana kwana salla yana wuni azumi, ce masa ya yi jikinka yana da hakki a kanka, idonka ma yana da hakki a kanka. Ibada ke nan aka ce a sassauta saboda ido, balle aikin kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar.

Iyaye da yayye, in kun ga yaro ya kwana uku ido biyu, ya fara cewa maƙwabta na yi da shi, kada ku jira sai abin ya kai a yi maganar asibitin masu taɓin hankali na Shihar da ke Ɗa'if. Ku kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, ko ku kai shi wurin likita. In likitan bai tambayi barcinsa ba, ku ku kawo zancen: ƙarfe nawa yake kwanciya, ƙarfe nawa yake tashi, me yake gani a mafarki, kuma wane aiki ne ya hana shi kwana.