Sharhi: A fara da hannun malami

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan malaman makaranta ne, da na'urorin zamani da ake ta cewa za su gyara mana ilimi.

Kwanakin baya na ziyarci wata makarantar sakandare ta gwamnati. Ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da na gani a can, duk wanda ke shiga makarantunmu ya san irinsa. An kai ni wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, sai da aka aiki yaro ya nemo wanda ke riƙe da makulli. Da aka buɗe, ga kwamfutoci nan a jere a kan tebura, an lulluɓe kowace da leda, ƙurar hunturu ta kwanta a kai har mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa. Na ce da malamin da ya raka ni, "Malam, yaushe rabon da a kunna su?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Wallahi tun ranar da aka zo buɗe ɗakin. Ran nan an kawo janareta, baƙi na tashi aka tafi da shi."

Muna fitowa sai na ji wani aji ya yi tsit, abin da ba kasafai ake samu ba a ajin da ya haura yara tamanin. Na leƙa ta taga. Wata malama ce mai koyar da ilimin halittu, tana riƙe da wayarta wadda gilashinta ya tsage ta gefe. Ta sauke wani ɗan bidiyo da ke nuna yadda zuciya ke harba jini, tana kiran yaran layi-layi, goma-goma, su zo su gani. Bidiyon da Turanci yake, saboda haka ta kashe muryar gaba ɗaya, ita ke yin bayanin da Hausa. Ta tsayar da hoton, ta sa yatsa a kan wata ƙofa da ke buɗewa tana rufewa, ta ce kowa ya dafa ƙirjinsa ya ji. Wata yarinya ta dafa, ta zaro ido, ta ce, "Malama, ashe ƙarar rufe ƙofar ce muke ji!" Daga baya malamar ta shaida mini cewa da tsakar dare take sauke irin waɗannan bidiyoyin, lokacin da data ta fi araha, kuma da kuɗinta take saya, da kuɗinta take kai wayar wurin mai caji.

A makaranta ɗaya, a rana ɗaya, na ga kayan miliyoyin naira a kulle ba su koya wa kowa komai ba, na kuma ga tsohuwar waya ta koya wa yara tamanin abin da ba za su manta ba. Abin da ya bambanta su shi ne ɗayar tana hannun malami.

Wannan ba sabon darasi ba ne a wurinmu. Dattawa za su tuna majigi, motar nan da ke yawo gari-gari tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a haska fim a kan tsafta ko noma ko rigakafi. Majigi ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai mai bayani da ke tsaye da lasifika, yana fassara wa jama'a abin da ke gudana da harshensu, yana kawo misali da abin da suka sani. In babu shi, hoto ne kawai ke motsi a bango. Haka kuma lokacin annobar korona, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi da dama, har da Kano da Kaduna, sun koma ba da darussa ta rediyo da talabijin. Ƙoƙari ne abin yabo. Amma iyaye sun shaida cewa yaron da ya fi amfana shi ne wanda ya samu wani a gida, yaya ko maƙwabci malami, ya zauna da shi ya tambaye shi me ya gane.

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. A shekarar 2007 an gwada shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a wata makarantar firamare da ke Galadima, a Abuja. An yi ta maganar cewa Najeriya za ta sayi miliyan guda, maganar ta bi ruwa. Ƙasar Peru kuwa ta shiga shirin da ƙarfinta. A rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 kan fasaha a harkar ilimi, ta kawo misalin Peru ɗin, inda aka raba kwamfutoci sama da miliyan ɗaya ba tare da an haɗa su da yadda malamai ke koyarwa ba, kuma karatun yaran bai ƙaru ba. A nan gida, jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare kwamfutocin hannu a 2013, aka yi ta yayata shirin a faɗin ƙasa, yau da wuya ka ji ana ambatonsa. Duk inda ka duba, tsarin ɗaya ne: a sayo kaya, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a bar malami yana kallon akwatin da ba a koya masa buɗewa ba.

To, wani zai ce, in haka ne a bar mu da allo da alli mana, ai da su aka koyar da manyan ƙasar nan. Da ma akwai wannan zaɓin, da an duba. Amma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Duk yaron da ke son shiga jami'a, ko daga tsakiyar birnin Legas yake ko daga ƙauyen da ba a taɓa kafa turken lantarki ba, dole ya zauna gaban na'ura. Ku tambayi masu sa ido a cibiyoyin jarrabawar, za su ba ku labarin yaran da ranar ce ta farko da suka taɓa kwamfuta. Yaro ya yi karatu, ya san amsa, amma hannunsa na rawa, yana tsoron ya danna wani abu komai ya goge, agogo kuma na tafiya. Hukumar ta sauƙaƙa, ta ware 'yan haruffa da za a danna a zaɓi amsa ko a wuce gaba ko a koma baya. Duk da haka, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma na'urar kanta takan yi tuntuɓe: a 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara bayan wata tangarɗa ta sa kusan ɗalibai dubu 380 a Legas da kudu maso gabas sake rubuta jarrabawar. Idan yaron da ya saba da kwamfuta zai iya shiga wannan hali, ina ga namu da bai taɓa riƙe linzaminta ba?

Yanzu ga WAEC da NECO sun biyo sahu. WAEC ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a farkon 2024, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa hukumomin biyu za su koma kan kwamfuta baki ɗaya a 2026. An yi ta muhawara a kan wa'adin, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata tukuna. Ko an cika wa'adin ko an ɗaga shi, alƙiblar ba za ta sauya ba. Wa zai shirya yaran nan? Malamin nan ne dai da ke tsaye a gabansu kullum. Idan shi kansa bai saba ba, me zai ba su?

A nan nake so mu tsaya, domin a nan ake zaluntar malamai. Sau da yawa za ka ji ana cewa malamanmu ba sa son canji, sun tsufa, suna tsoron na'ura. Ni ban yarda ba. Malamin da ake cewa ba ya iya fasaha, shi ne ke tura kuɗi ta waya, shi ne ke cikin zauren WhatsApp na malaman makarantarsa, inda suke aika wa juna tsofaffin tambayoyin jarrabawa da jadawalin darussa. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna da shi ya nuna masa yadda wannan na'ura za ta taimake shi koyar da kasafi ga 'yan aji huɗu ranar Litinin da safe. Irin horon da aka saba yi kuwa, kowa ya san shi. A tara mutum ɗari biyu a zaure na kwana uku, mai jawabi na haska rubutu a bango, kwamfuta ɗaya tana gabansa shi kaɗai. A raba jaka da alawus, a watse. Wani lokacin ma waɗanda aka turo ba su ne ke shiga aji ba. Malamin ya koma makarantar da babu wuta, bayan wata biyu abin da ya ji ya bi iska. Sa'an nan a ce ai an horar da su, su ne ba sa yi.

Sai kuma kuɗi. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70, kuma malaman firamare da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi su ne suka fi kokawa kan jinkirin aiwatar da shi. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashin kira da data da kusan rabi. Malamar nan da na ba ku labari, daga kuɗin cefanenta take yankar na data. Wannan sadaukarwa ce, Allah ya saka mata, amma ba a gina tsarin ilimin ƙasa a kan aljihun malami.

Akwai inda aka fara ta wajen malamin, kuma ya kamata mu duba. Jihar Edo ta ƙaddamar da shirin EdoBEST a 2018, inda aka bai wa malaman firamare kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana, tana kuma nuna ko malami ya zo aiki, ko ya kammala darasin. Legas da Kwara sun bi irin wannan hanya. Ina ganin hikima a ciki, domin an sa na'urar a hannun da ya dace, kuma akwai masu zagayawa suna duba malamai a cikin aji. Amma ina da damuwa guda. Idan darasin ya zama rubutaccen zance da malami zai karanta kalma bayan kalma, an mayar da shi lasifika. Malamar nan ta kashe muryar bidiyo ne domin ta san yaranta, ta san inda Turanci zai tsaya musu a wuya. Wannan sanin ba ya cikin kowace manhaja, kuma duk jihar Arewa da za ta ɗauki irin wannan tsari ya kamata ta bar wa malami sarari ya yi amfani da shi. Haka nan batun harshe: dandalin karatu na Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, yana da darussa da Hausa, kyauta. Malamai nawa ne a karkara aka taɓa zama da su aka nuna musu shi?

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wato manhajar nan ta AI da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa kamar mutum. Ɗaliban birni sun riga sun fara ba ta aikin gida tana rubuta musu. Malamin da bai san yadda take aiki ba, ba zai gane aikin yaro da na na'ura ba, ba zai kuma iya nuna wa yaron inda ta yi masa ƙarya ba, alhali tana yi.

Saboda haka kirana ga gwamnonin jihohi da kwamishinonin ilimi da hukumomin ilimin matakin farko na jihohi, wato SUBEB, shi ne, kafin a sake sa hannu a kwangilar sayo kwamfutoci, a tambayi wa zai kunna su, da wace wuta, wa zai gyara in sun lalace. Kwamfuta goma da farantan sola da malami biyu da suka iya, sun fi ɗari a kulle. A mayar da horon cikin makaranta, kaɗan-kaɗan duk mako, malamin da ya iya ya koya wa ɗan'uwansa, a kuma biya shi ladan wannan aiki. Kwalejojin ilimi da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna su tabbatar babu mai karɓar takardar NCE sai ya shirya darasi da na'ura ya koyar da shi a gaban yara na gaske. A ware wa malamai data ta aiki kamar yadda ake sayen alli.

Shugabannin makarantu kuma, na san dalilinku na kullewa: in abu ya ɓata ko ya lalace, ku za a tuhuma. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ma'aikata ce ya kamata ta cire muku shi, ta rubuta a fili cewa kwamfutar da ta lalace a hannun ɗalibi yana koyo ba laifin kowa ba ne. Kafin nan, ko awa biyu ne a mako, a nemo mai, a tayar da janareta, a buɗe ɗakin nan, a fara da 'yan ajin ƙarshe da za su zauna JAMB bana, kowane yaro ya zauna ya danna da hannunsa.

Sharhin ke nan, a huta lafiya.